Darasi na 7: Gyaran Kulocin Juya Katafila

Katafila mai tafiya a kan sarƙa ba ta da sitiyari. A irin wadda za mu duba, kowace sarƙa tana da kulocinta da birkinta. In direba ya ja libar hagu, ƙarfin inji ya daina zuwa sarƙar hagu, ta dama ta ci gaba da turawa, sai katafilar ta karkata hagu. Misalinmu Caterpillar D2 ce, wadda aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1957. Kulocinta busasshe ne, ba ya son mai ko kaɗan.

Cuta biyu ce ta fi kama shi. In katafila ta daɗe a ajiye, ruwa ya shiga, tsatsa ta manne fayafayan da ke cikin kulocin, ko an ja liba ba za ta juya ba. In kuma sil, wato abin da ke tare mai, ya lalace, mai ya zubo wa fayafayan, sai kuloci ya riƙa sulɓi, katafila na janyewa gefe guda in ta ɗauki kaya. Kafin ka kwance komai, buɗe toshiyar da ke ƙarƙashin gidan kuloci ka ga abin da zai fito, ruwa ne ko mai.

A D2 sai an raba sarƙa, an zare akwatin giyar ƙarshe na wannan gefen, kafin a kai ga kuloci. A tokare katafilar da katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Gangar ciki, wadda fayafayan ke zaune a kanta, a matse take a kan shaf, sai da fula, wato abin jawo ta, ake ciro ta. Masu bugunta da guduma boris suke kashewa.

Sifirin ɗin kuloci suna da ƙarfi sosai. A danne su da abin matsa sifirin, a cire 'yan makullan da ke riƙe da su, sannan a sassauta a hankali. Fayafayan iri biyu ne: masu fata, haƙoransu a waje, suna kama gangar waje wadda birki ke shaƙewa, da na ƙarfe zalla, haƙoransu a ciki, suna kama gangar ciki. A ƙirga su, a rataye su a waya yadda suka fito. Fatar tsofaffin fayafai sau da yawa tana da asbestos mai lahani ga huhu, don haka a jiƙa ƙurar a goge, kada a hura ta.

A wanke na ƙarfen da kananzir, a goge tsatsa da samfefa, a ɗora kowanne a kan gilashi. Wanda ya yi rawa ya lanƙwashe, a jefar. Fatar da ta sha mai sosai ma canji ne maganinta, domin in ta yi zafi man zai sake tsattsafowa. A jera sifirin a kan tebur, wanda ya gaza 'yan'uwansa tsawo ya mutu. Sil kuwa dole a sa sabo, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Wajen haɗawa ne aka fi yin ɓarna. A jera fayafai ɗaya mai fata, ɗaya na ƙarfe, ba giris, hannu a bushe. Tun kafin a saki sifirin, a zura gangar waje a kan fayafayan don haƙoran su daidaita layi ɗaya. In aka saki sifirin haƙora a karkace, gangar ba za ta shiga ba, sai an sake dannewa. A tabbatar kowane makulli ya zauna daram.

Bayan an mayar da komai, a saita liba ta yi wasan kusan inci 3 a samanta kafin ta fara jan kuloci. In wasan ya yi kaɗan, boris zai ƙone, kuloci ya yi sulɓi. A gwada a fili da giya ta ɗaya, hagu da dama, sannan a sake auna wasan bayan aikin yini guda.