Inda ya kamata ka ɗaure sensar jijjiga ta alam ɗin motarka

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina aikin wayarin mota a nan sina'iyyar Jidda, wato unguwar garejoji, kuma masu kawo min mota kan matsalar alam kusan kullum maganarsu biyu ce. Ko dai mutum ya ce alam ɗina kuka yake cikin dare ba wanda ya taɓa motar har maƙwabta sun fara yi min magana, ko kuma ya ce an goge min ƙofa an lotsa ta amma ko ƙit bai ce ba. In na leƙa ƙasan sitiyari sai in tarar alam ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗan akwatin nan ne mai jin jijjiga, wato sensa, aka manna shi a inda bai dace ba. Shi ya sa nake so in yi bayanin wajen ɗaure ta, dan wallahi wajen ya fi ɗan maballin saitin ƙarfin jinta da ake murɗawa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ita sensa ba ta fi kwalin ashana girma ba. Ba ta da ido ba ta da kunne, abin da ya girgiza abin da aka ɗaure ta a kai shi kaɗai ta sani. Yawancinsu waya huɗu ne, ja ta wuta mai volt 12, baƙa ta at wato wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, sauran biyun kuma ɗaya ta gargaɗi ce ɗaya ta cikakken kuka, launinsu ya danganta da kamfani dan haka ka duba takardar da ta zo a kwalin. In bugun ƙarami ne sai alam ya ɗan yi ƙit ƙit ya yi shiru, in mai ƙarfi ne jiniya ta tashi gaba ɗaya. To kaga in ka ɗaure ta a abin da ke rawa da kansa komai ma ɓarawo ne a wajenta, in kuma ka ɗaure ta inda jijjiga ba ta isowa to ka sayi ado ne kawai.

Wajen da ni nake sawa, kuma ban taɓa nadama ba, shi ne jikin babban damin wayoyin nan mai kauri da ke ƙarƙashin dashbod, wanda ƴan nan ke ce wa tablon, ta ɓangaren direba amma ka matsa da ita wajen tsakiyar mota iya yadda wayarta ta kai. Dalili kuwa shi ne wannan damin a maƙale yake da jikin mota ta wurare da yawa, in aka bugi gaba zai ji in aka bugi baya ma zai ji, kuma yana da ɗan laushin da ke barin sensar ta motsa daidai gwargwado. Ka nemi mai kauri kamar babban yatsanka ko fiye, kusa da inda aka maƙale shi da ƙarfe, ba can tsakiyar inda yake reto ba. Ka ɗaure da kebul tai, robar nan mai haƙora, guda biyu, ka ja sosai har sai ka ga in ka taɓa sensar da yatsa damin ne ke motsi gaba ɗaya ba ita kaɗai ba. Sannan ka juya ta yadda maballin saiti yana kallon ka, ƙaramar sukudireba za ta iya shiga ba sai ka sake kwance rabin mota ba. Mutane na manta wannan sosai, kuma dole za ka dawo ka murɗa shi ko sau biyu ne.

Da yawa suna ɗauka in aka ɗaure ta tam da noti a jikin ƙarfe ko a sandar sitiyari ita ce ta fi ji. A motoci da yawa akasin haka ake samu, za ta ji bugun gaba sosai amma bayan motar ya zama kurma, sai mai sawa ya ƙure maballin dan ta ji baya, daga nan kuma tirela ko tankar ruwa na wucewa ta layinku jiniya ta tashi. Ko kamfanin da ke yin alam ɗin Viper sun yi wannan gargaɗin a takardarsu. Akwai dai wasu sensoshin da kamfaninsu ya ce a ɗaure a ƙarfe, in taka irinsu ce ka bi abin da suka ce, amma in ba a faɗa ba ka fara da damin waya.

Sai maganar gam, nan ne nake da ja da masu cewa a manna da tef mai fuska biyu a jikin roba ko bututun esi. A ƙasashen sanyi yana yi ban musa ba. Amma ɗan'uwa nan Saudiyya ce, Jidda ta taɓa kai digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma motar da ta wuni a rana gilashi a rufe saman dashbod ɗinta na iya haura 70. Gam ɗin narkewa yake ya yi yauƙi, wata ɗaya biyu sensar ta saki tana lilo a jikin wayarta, iska kaɗan ta kaɗa motar sai kuka. Akwai wani dattijo da ya kawo min Camry ɗinsa daga Makka, wani shago ne suka sa masa, ya ce kullum bayan isha sai ta yi kuka kuma ba kowa a wajen, har ya fara tunanin wani ne ke bibiyar motar. Na ce Baba Alhaji bari in duba tukuna. Ashe a jikin faffaɗar robar ƙasan sitiyari aka manna ta, ita kuwa roba da rana buɗewa take da dare ta tsuke ta yi ƙas, sensar kuma ta ɗauka duka ne. Na cire na ɗaure a damin waya na rage saitin kaɗan, shikenan magana ta ƙare. Ya ban tausayi gaskiya, wajen wata uku bawan Allah ba ya barcin kirki kan abin da kebul tai biyu suka gyara.

Wuraren da ko kusa kar ka je. Cikin bonet babu, zafin inji da ruwan wanki za su kashe ta, ba a yi ta dan waje ba. Kar ka sa ta a ƙasa ƙarƙashin kafet, duk wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ko ruwan Nuwamban 2022 ya san inda ruwa ke fara shiga a mota, kuma ko ba ruwan sama akwatin esi na ɗiga in bututunsa ya toshe, dan haka ka kauce wa ƙarƙashinsa. Ka nisanta ta da lasifika da injin fankar esi saboda maganaɗisu, haka ma eriyar alam ɗin. Ka tabbata ba abin da zai taɓa birki ko totur ko kuloci, ka taka kowanne har ƙasa ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka gani da idonka. Sai babbar magana, waya ko soket mai launin rawaya yawanci ta iyabag ce, jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi hatsari, kar ka ɗaura komai a kanta kar ka soke ta da testa. Kafin ka sa hannu a wajen ma ka cire kan batir na baƙar waya ka jira aƙalla minti biyu. In kuma motar sabuwa ce tana da garanti ka tambayi wakala, wato dilan da ka saya a wajensa, kafin a yanke ko waya ɗaya.

Gwaji kuma kar ka yi shi a gurguje. Ka sa maballin a tsakiya, yawanci in ka murɗa dama ƙaruwa yake hagu raguwa. Ka rufe ƙofofi da gilasai duka, ka kulle da rimot, ka ba ta kamar rabin minti ta natsu dan wasu ba sa fara ji nan take. Sai ka bugi ginshiƙin gefen gilashin gaba da tafin hannu, ba gilashin ba kuma ba tsakiyar ƙofa ba kar ka lotsa motarka da kanka. Ƙaramin bugu ya ba ka gargaɗi kawai, mai ƙarfi ya tada jiniya. Ka zagaya kusurwa huɗu ka yi haka, ka shuri tayoyin baya ma. In gaba na ji baya ba ya ji kar ka yi saurin ƙara saiti, canza mata waje tukuna, wani lokacin tazarar taƙi ɗaya ce ke raba su. Ni nakan ce wa mai mota ya sake gwadawa sau biyu, da azahar lokacin da motar ta gasu da kuma bayan asuba da ta huce, in ta yi daidai a duka biyun to an dace. Kuma gara ta ɗan yi ƙasa kaɗan, saboda a unguwanninmu irin su Karantina ko Hindawiyya layi a matse yake, yara na buga ƙwallo, kyanwoyi na hawa kan mota, in kullum alam ɗinka na kuka ranar da ɓarawon gaske ya zo ba mai leƙowa. Wasu alam ɗin ma in sensa ta tada su sau uku cikin awa ɗaya su da kansu suke daina saurarenta na wani lokaci, kaga motar ta zama ba mai gadi kenan kai kuma ba ka sani ba.

Masu Hiace da doguwar GMC da ke jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka da Madina, sensa ɗaya a gaba da wuya ta ji ƙofar baya. Ku ƙara ta biyu a jikin damin wayar da ke bi ta bangon baya, kowacce da saitinta. In kuma alam ɗinka irin mai sensa a cikin babban akwatinsa ne to akwatin gaba ɗaya za ka ɗaure yadda na faɗa, ba a cusa shi cikin wayoyi a bar shi sakaka ba. Sannan ita sensar jijjiga duka take ji, wanda ya zo a hankali ya sa jak ya ɗaga mota zai kwance taya tana iya ƙin jin sa, wannan aikin sensar karkata ce, daban ake sayen ta, ita kuma a shimfiɗe ake ɗaure ta a waje mai ƙwari da ba ya motsi.