Yadda Ake Toshe Tsagar Bangon Gidan Gungumen Itace

A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada, Finland da Rasha, ana gina gida da gumagumen itace da aka jera bisa juna. Itacen kan tsage ta tsawonsa yayin da yake bushewa, kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne. Tsagar da ake gudu ita ce ta waje mai kallon sama, domin tana tara ruwa har itacen ya ruɓe.

1. Zagaya gidan a ranar da babu ruwa, ka ware tsagar da faɗinta ya kai milimita 6. Ƙananan ka ƙyale su.

2. Soka sukundireba a ciki. In ta nutse cikin sauƙi, itacen ya ruɓe. Wannan aikin kafinta ne.

3. Kankare datti da buroshin waya, ka bar wurin ya bushe sarai.

4. Shafa maganin borate don kashe ƙwari da ruɓa.

5. Cusa igiyar soso a tsagar, ka bar ɗan zurfi a sama. Mutane kan raina wannan matakin, alhali shi ne ke sa danƙon da za ka matsa a mataki na gaba ya kama gefe biyu na tsagar kawai, ya riƙa miƙewa duk lokacin da itacen ya kumbura ko ya tsuke.

6. Matsa danƙon toshe itace mai talewa, ka daidaita shi da jiƙaƙƙen yatsa. Kada ka yi amfani da siminti, zai farfashe ya riƙe danshi.

7. In ya bushe, shafa fentin kare itace.