Kunna wuta a daji ba ashana: fara gwada itacen da farce

Kafin ka fara murza sanda tsakanin tafin hannunka a kan itace don samar da wuta, danna farcenka a jikin busasshen itacen. In ya bar shaida, shi ne naka. In bai shiga ba, jefar da shi.

Itace mai taushi ne ke sakin gari da wuri. Da kaifin dutse ka yi 'yar tsaga a gefen ramin da sandar ke juyawa a ciki, ka shimfiɗa ganye a ƙasa don garin ya taru wuri ɗaya. Ran da na ƙi yin tsagar, tafin hannuna duk ya yi bororo, sai hayaƙi kawai.

Garin ya yi baƙi yana hayaƙi da kansa? Dakata, garwashi ya samu. Juye shi cikin busasshiyar ciyawa, hura a hankali.

Itacen da ya sha raɓa ko mai ƙaro kuwa, ba ya kamawa.