Kurakuran da Muke Yi Game da Falsafa, da Yadda Za a Gyara Su

Ɗalibin da ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci ya je karanta ko aikin gona, sai ya ci karo da darasin falsafa da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin gina hujja, a cikin kwasa-kwasan GST da kowane ɗalibi ke yi. Ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) a nan Kaduna ba su tsira ba. Abin da akasari ke yi shi ne a haddace sunayen Girkawa daren jarrabawa, a zube su a takarda, a fito a manta. Wannan yana damuna, domin fanni ne da zai yi wa mutumin Kaduna amfani a majalisa da kasuwa da gida, amma mun kewaye shi da fahimtar da ba tasa ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar falsafa a matsayin iya zance. Dattijo ya jero karin magana uku a wurin ɗaurin aure, sai ka ji an ce, "Kai, Baba akwai falsafa." Hikima ce, babu musu, amma aikin fannin yana farawa ne bayan an gama faɗar maganar. An ce haƙuri maganin zaman duniya. To haƙuri da me? Matar da ake duka kullum ita ma ta yi ta haƙuri? Idan a'a, ina iyakarsa, kuma me ya sa iyakar take nan? Mai nazarin falsafa yana ɗaukar abin da kowa ya amince da shi, ya fayyace ma'anarsa, ya nemi dalilinsa, ya gwada ko dalilin zai tsaya idan an ja shi. Gyaran kuwa ba shi da wuya: duk lokacin da magana ta burge ka, tambayi kanka me take da'awa, kuma da wace hujja.

Na biyu ya fi nauyi a wajenmu, shi ne cewa falsafa hanyar barin addini ce, kuma malamai sun haramta ta gaba ɗaya. Wanda ya faɗi haka yakan kafa hujja da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Gaskiya ne ya yi wa masana falsafa irin su Farabi da Ibn Sina raddi mai zafi a littafinsa Tahafutul Falasifa. Sai dai a duba yadda ya yi. Mas'aloli 20 ya ware, a cikinsu uku ya ce sun kai kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Bai fara raddin ba sai da ya karanci mutanen ya tsara ra'ayoyinsu yadda suke, kuma da makaminsu na manɗiƙi ya yaƙe su. Har a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Al-Mustasfa, manɗiƙi ya sa a gaba. Bayansa Ibn Rushd, alƙali kuma babban malamin Malikiyya a Andalus wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mas'ala bayan mas'ala.

Ba a can kaɗai aka yi wannan muhawara ba. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi a baitoci sa'ad da Imam Suyuɗi ya soki fannin. Sullam na Ahdari, littafin manɗiƙi wanda har yau ake karantawa a wasu zaurukan ƙasar Hausa, ya kawo saɓanin a fili: Ibn Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halasci ga mai lafiyayyen tunani da ya yi ƙarfi a Alƙur'ani da Sunna. Don haka wanda ya ce akwai malaman da suka yi gargaɗi, ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce bakinsu ɗaya, bai duba ba. Shawarata ga ɗalibin da zuciyarsa ke ɗar-ɗar ita ce ya raba abu biyu: hanyar bincike daban, sakamakon da wani ya kai daban. Karanta ra'ayin mutum ba mubaya'a ba ce gare shi. Idan wata mas'ala ta tsaya maka a rai, kai ta wurin malamin da ya san fannin biyu, kar ka kai ta wurin wanda zai ce kawai ka rufe littafin.

Kusa da wannan akwai zaton cewa falsafa kayan Turawa ce. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya yi rubutu a kan falsafa da Larabci a cikin daular Sakkwato. Kuma tunanin Bahaushe a kan mutumin kirki, wato gaskiya da amana da kunya da karamci da mutunci, abu ne da ya cancanci a zauna a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa na Aristo, masanin falsafa na Girka. Mai son bin wannan sawu a Kaduna yana da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana rubuce-rubucen tarihi na Arewa.

Wasu kuma suna cakuɗa ta da ilimin halayyar ɗan Adam, har su ce wa ɗalibin falsafa ya faɗa musu abin da ke ransu. Fanni biyu ne daban. Wancan yana binciken yadda mutane ke tunani a zahiri, ita kuwa tana tambayar yadda ya kamata a yi tunani.

Sai kuskuren taƙaita ta. Da yawa suna zaton duk abin da take yi shi ne jayayya a kan samuwar Allah. Wannan reshe ɗaya ne, na binciken asalin samuwa, wanda a cikinsa ake tambayar mene ne rai, mene ne lokaci, ko mutum yana da zaɓi. Akwai reshen da ke binciken sani kansa, kuma a ganina babu garin da ya fi Kaduna bukatarsa. Saƙon murya ya shigo WhatsApp da yamma cewa an fara rikici a wata unguwa. Kafin magariba an rufe shaguna, iyaye na ta kiran 'ya'yansu. Wanda ya tura maka, gani ya yi ko ji? Wanda ya faɗa masa fa? Da labarin ƙarya ne, me zai bambanta da abin da kake gani yanzu? Mutum ashirin sun turo maka abu ɗaya, shaidu ashirin ke nan, ko shaida ɗaya da aka maimaita sau ashirin? Waɗannan su ne ainihin tambayoyin wannan reshe, kuma mun san abin da jita-jita ta taɓa jawo wa garin nan.

Akwai reshen ɗabi'a. Mai gwanjo a Kasuwar Barci ya ninke riga yadda yagewar ba za ta fito ba. Kowa zai ce bai kyauta ba, fiƙihu ma yana da hukuncinsa. Falsafa tana ƙara tambayar ina laifin yake: a cutar da mai saye ya sha, ko a yaudarar kanta ko da bai taɓa ganewa ba, ko a irin mutumin da mai gwanjon yake zama idan ya saba? Amsoshin uku manyan mazhabobi ne a fannin. Sannan akwai falsafar siyasa mai tambayar me ya ba hukuma ikon karɓar haraji da abin da adalci ke nufi, da reshen da ke duba kyau da fasaha. A da ma iyakarta ta fi haka faɗi. Littafin da Isaac Newton ya fitar a 1687 a kan motsi da ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa, da sunan falsafar halitta ya fito. Daga baya kimiyya ta ware da abin da ake iya aunawa. Don haka kar a nemi falsafa ta faɗi maganin zazzabin cizon sauro, amma tambayar wa za a fara ba magani idan bai isa kowa ba, tata ce.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka ɗan taɓa karatun shi ne cewa a falsafa babu daidai babu kuskure, kowa da ra'ayinsa. Manɗiƙi ya ƙaryata haka. Wani ya ce: idan an yi ruwa titi zai jiƙe, titi ya jiƙe, saboda haka an yi ruwa. Jimloli biyun farko na iya zama gaskiya, amma sakamakon bai biyo su ba, don tana yiwuwa tankar ruwa ce ta wuce tana zuba. Wani kuma ya ce: duk ɗan Kawo direba ne, wannan yaro ɗan Kawo ne, saboda haka direba ne. A nan ginin ya yi daidai, jimlar farko ce ƙarya. Cuta biyu ce daban, kowace da maganinta. Ta farko a gyara haɗin, ta biyu a binciki tushen. Haka nan idan mutum ya kawo hujja aka ce ai ɗan jam'iyya kaza ne, ko ai daga ƙetaren gada yake, ba a taɓa hujjarsa ba ko kaɗan.

Game da yadda ake karatun, haddar sunaye ba ta kai mutum ko'ina. Sanin cewa an yanke wa Sokratis hukuncin kisa a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa zai ba ka maki ɗaya. Abin da zai zauna maka shi ne ka ɗauki shafi guda, ka rubuta da Hausa abin da marubucin yake son ka yarda da shi a jimla ɗaya, ka jera dalilansa a ƙasa, sannan ka nemo suka mafi ƙarfi da za a iya yi masa. Bayan haka ka ba abokin karatunka takardar, ya kare marubucin, kai ka soke shi, gobe ku musanya.