Tsohuwar jif ɗin soja ta ƙi shan mai? Kar ka fara da kafireta

Duk wanda ya riƙe tsohuwar motar soja irin Willys MB ta zamanin yaƙin duniya na biyu, ko M38 da M38A1 da suka biyo bayanta a shekarun 1950, ya san wannan halin: mota ta tashi lafiya, ta yi tafiya kaɗan sai ta fara shessheƙa ta mutu, ka jira minti goma ta sake tashi. Abin da mutane suka fi yi shi ne su kwance kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji, nan take, kuma wallahi abin yana damuna, don yawancin lokaci kafiretan nan ba shi da laifi, man ne bai iso gare shi ba. Ka bi hanyar mai daga tanki zuwa gaba.

Tankin waɗannan motocin yana ƙarƙashin kujerar direba, kuma ƙarfe ne da ya shekara sittin ko fiye. Tsatsa tana taruwa a gindinsa, ruwa ma haka, in mota ta daɗe a ajiye kuma tsohon fetur ya kan zama wani danƙo mai wari kamar fenti. Kana tafiya famfon mai yana jan fetur daga tanki, ɓarɓashin tsatsa ya zo ya toshe bakin bututu, mota ta mutu, da ta mutu jan ya tsaya sai dattin ya saki, shi ya sa take sake tashi kai kuma ka ɗauka ta gyaru. Canza filta kaɗai ba zai raba ka da wannan ba, sabon ma zai cika. A sauke tankin a wanke, in ya rube a canza shi. Kuma a M38A1 akwai wani filta a cikin tankin kansa, mutane da yawa ba su ma san yana nan ba.

Sai murfin tanki. Dole iska ta shiga ta maye gurbin man da ya fita, in hanyar iskar ta toshe famfo zai yi ta ja har ya gaji. Da motar ta mutu ka buɗe murfin, in ka ji ya tsotsi iska to ga matsalarka nan.

Gwaji mafi sauƙi da ake tsallakewa shi ne ka samo galan mai tsabta da fetur mai kyau, ka cire tiyon da ke shiga famfo ka haɗa wani daga galan ɗin. In inji ya zauna daram, laifin yana baya, tanki ne ko bututu. In har yanzu yana tari sai ka duba famfon. A fili za ka yi wannan don Allah, nesa da wuta, kuma kar ka tsotsi fetur da baki.

Wani abu da ke wahalar da mutane shi ne suna neman inda mai ke ɗiga, ba su gani ba sai su ce tiyo lafiyarsa lau. Tsakanin tanki da famfo ja ake yi ba turawa ba, saboda haka tsagewa ƙarama ba za ta zubar da mai ba, iska za ta riƙa shiga, famfo yana zuƙar iska maimakon fetur. Tsohuwar roba ta kan kuma kumbura ta ciki, musamman da fetur mai haɗin etanol, waje yana kyau ciki ya toshe. Canza su duka kawai.

Famfon asali na injin ne, kamshaf, wani sandan ƙarfe mai juyawa a cikin inji, shi ke motsa hannunsa, a ciki akwai fatar roba da ke sama da ƙasa. In fatar ta yage fetur yana iya gangarawa cikin baƙin mai, to ka zaro sandar awon baƙin mai ka sunsuna, in ka ji warin fetur ko ka ga baƙin man ya ƙaru da kansa kar ka sake tada motar sai ka gyara famfon ka juye baƙin man, in ba haka ba injin ne zai tafi.

Masu gaggawa sai su ce a sa famfon lantarki a huta. Ba laifi ba ne amma a nan ake tafka kuskure biyu. MB lantarki mai ƙarfin bolt 6 take amfani da shi in ba a canza mata waya ba, M38 da M38A1 kuma 24, ka ɗaura famfon bolt 12 a kan 24 zai ƙone. Na biyu matsi: kafiretan Carter na waɗannan motocin matsi kaɗan yake so, ƙasa da psi 6 (psi ma'aunin matsi ne), famfon motocin zamani kuwa yana ba da 40 ko fiye, zai rinjayi allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kafireta ya cika, mai ya yi ambaliya. In za ka sa, sa mai ƙaramin matsi kusa da tanki, da fiyus, a haɗa shi yadda zai tsaya in inji ya mutu.

In kuma sai an yi zafi sosai take mutuwa, duba ko bututun mai ya matso kusa da bututun hayaƙi, fetur na tafasa a ciki ya zama tururi. Janye shi ka sa masa kariya.

Sai ka tabbata mai yana isowa da ƙarfi sannan ka taɓa kafireta. Ko a nan ma kar ka zura waya a ramukan jet, ƙananan ƙofofin da fetur ke bi, kana faɗaɗa su ne, maganin wanke kafireta da iskar kwamfuresa sun isa.