Kurakuran da Ake Yi Wajen Neman Kariya Daga Tsakuwar Ƙoda da Tsirrai

Kusan kashi 80 cikin 100 na tsakuwar ƙoda kalsiyam ne da ya haɗe da wani sinadari, galibi oksalet, shi kuma oksalet wani kaso nasa daga tsirrai yake shiga jiki. A nan mutane suka fi faɗawa rami. Mutum zai ji an ce ganye na wanke ƙoda, sai ya riƙa markaɗa ɗanyen alayyahu yana sha kowace safiya, ko ya riƙa ɗura garin kurkur cokali-cokali. Dukansu cike suke da oksalet. Hanji ya tsotse shi, ƙoda ta tace shi zuwa fitsari, idan fitsarin ya yi kauri sai ya kama kalsiyam, ƙwayoyin tsakuwa su fara taruwa. Ɗan kurkur ɗin da ake sa wa girki ba shi ne matsalar ba. Ganye kuwa a tafasa shi a zubar da ruwan, domin oksalet mai narkewa yana bin ruwan.

Wasu da sun ji sunan kalsiyam sai su ƙaurace wa madara, alhali hakan ƙara haɗari yake yi. Kalsiyam ɗin abinci yana kama oksalet tun a cikin hanji, su fita tare a bayan gida. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga a 2002, ya bi maza masu yawan fama da tsakuwa tsawon shekara biyar: waɗanda suka ci kalsiyam yadda aka saba, suka rage gishiri da nama, tsakuwar ta dawo musu kusan rabin yadda ta dawo wa waɗanda suka rage kalsiyam. Abin da ake so shi ne miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, daga abinci, a lokacin cin abinci.

Lemun tsami yana da amfani na gaske, saboda sitiret ɗin da ke cikinsa yana riƙe kalsiyam a fitsari, ya hana ƙwayoyin mannewa da juna. Amma matsa ɗan yanki a kofi ba ya kai ko'ina. Ma'aunin da aka gwada shi ne mililita 120 na ruwan lemun a cikin lita 2 na ruwa, a sha shi a hankali cikin yini, ba sukari. A kurkure baki da ruwa bayan an sha, don tsamin yana cin haƙori. Kuma kada a ajiye maganin sitiret da likita ya rubuta a ce lemu ya wadatar. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Shan ruwa ma shi ne ginshiƙi: sai fitsarin yini guda ya kai lita 2.5, launinsa ya yi haske. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani.

Akwai kuma shan magani ba tare da sanin irin tsakuwar ba. Tsakuwar yurik asid, wani sinadari da jiki ke fitarwa ta fitsari, tana iya narkewa idan aka rage tsamin fitsari, ta kalsiyam oksalet kuwa ba ganyen da ke narkar da ita. Wadda ƙwayoyin cuta suka haddasa sai an kashe cutar an cire ta. A tace fitsari da kyalle mai tsabta, a kai tsakuwar da ta fito ɗakin gwaji.

Sinadaran tsirrai irin su kwasetin na albasa da kurkumin na kurkur sun nuna suna kare ƙwayoyin ƙoda a gwajin ɓeraye da na kwalba, ganyen Phyllanthus niruri kuma an gwada shi a kan mutane kaɗan. Wannan bai kai hujjar sayen kwalaben ƙwayoyin maganin da aka yi da su ba. Bitamin C ma jiki na mayar da rararsa oksalet. Binciken Suwidin na 2013 ya gano maza masu shan ƙwayarsa sun kusa ninka sauran wajen samun tsakuwa.

Mafi muni shi ne haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam ƙodarsu ta lalace bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia bisa kuskure, wasu daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari. Mai raunin ƙoda ya guji 'ya'yan itacen karambola masu siffar tauraro gaba ɗaya, kuma kada ya sha wani abu mai fotashiyam sai an auna jininsa.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta, wadda ta haura 10 da wuya. Idan ciwon kwiɓi ya zo da zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, a ajiye jiƙo a tafi asibiti nan take, domin ƙodar da ta toshe kuma cuta ta shige ta tana iya watsa cutar cikin jini a 'yan sa'o'i.