Zaɓen Injin Tsohon Karfan Mai Dizal: A Fara da Sikeli

Duk wanda ya je haraj, kasuwar tsofaffin motoci, a Jidda neman karfan, wato motar nan mai ɗakin kwana da kicin a cikinta, abin da dillali zai fara faɗa masa shi ne yawan dokin injin. Wannan lamba ita kaɗai ba ta isa ba. Injin mai doki 275 zaki ne a motar tan 9, amma a motar tan 14 nishi kawai zai yi ta yi a hawan Ɗa'ifa.

A fara kai motar sikelin manyan motoci, tankin dizal da na ruwa a cike, domin kowace litar ruwa kilo ɗaya ce. A ƙara nauyin iyali da kaya, da ƙaramar motar da za a ja idan akwai. Sai a raba jimillar da 45. Ƙa'idar da masu irin waɗannan motoci suka saba bi ke nan: doki ɗaya ga kowane kilo 45. Tan 12 na neman doki kamar 265, tan 14 kuwa 310.

Bayan doki sai ƙarfin juyi, wanda makanikan sana'iyya, unguwar garejoji, ke kira azam. Shi ne ke tayar da mota daga tsaye, shi ke riƙe ta a hawa. Cummins mai lita 5.9 na shekarun 1990 yana ba da doki 190 zuwa 230. Ƙanensa ISB da ya fito a 1998 yana kai 275 zuwa 300, azam ɗinsa kusan Nm 900 (Nm shi ne ma'aunin azam). Ba ya shan mai sosai, kayansa ba sa wuya, ya dace da motar da ba ta wuce mita 10 ba. Lagonsa famfon dizal ɗinsa, VP44: dizal ne ke sanyaya shi, idan ƙaramin famfon da ke tura masa mai ya yi rauni sai ya ƙone. A sa agogon auna matsin mai kafin a biya kuɗi.

Caterpillar 3126, lita 7.2, yana da doki 300 zuwa 330, azam kamar Nm 1,160. Nozul ɗinsa da matsin baƙin mai suke aiki, don haka wanda aka yi wa sakaci da juye yakan yi wuyar tashi da safe. Cummins 8.3, musamman ISC mai doki 330 zuwa 350, yana kai Nm 1,400, kuma ana iya zare hannun silinda a sa sabo ba tare da an sauke injin ba. A ganinmu shi ne ya fi dacewa da motar tan 12 zuwa 14 a nan Saudiyya. Cummins ISL mai lita 8.9 sai motar mita 12.

Ƙananan kuwa, irin Coaster da aka mayar ɗaki, injin 1HZ ne mai lita 4.2, doki kamar 130, babu turbo. Yana da juriya, kowane makaniki ya san shi. Sai dai injin da ba turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Abha tana sama da mita 2,200, kenan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi kafin a isa.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna a nan zafi ne. Mai lagireto a baya yana jawo ƙura da tururin baƙin mai daga bututun numfashin injin, su haɗu su zama laka a tsakanin haƙoransa. Daga waje za a gan shi fes. A ɗaga gadon ɗakin baya, a haska tocila ta ɓangaren fanka, a duba ko haske na ratsawa. Mai lagireto a gefe ya fi sauƙin wanki da gyara. A duba giya ma: Allison mai giya shida ta fi tsohuwar AT545, wadda ba ta kulle konbata, wato abin da ke haɗa injin da giya, tana dafa man giyar a doguwar hawa. A zaro sandar man a sansana. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, an sha wahala da ita.

Gwajin gaskiya a hawa ake yi da rana tsaka, na'urar sanyi a kunne. A sauke giya da hannu, injin ya tsaya kusa da juyi 2,000 don fanka da famfon ruwa su yi aiki sosai. Allurar zafi ta hau kaɗan ta tsaya, ba laifi. Idan tana ta tafiya har ta doshi digiri 105 na Salsiyas, a tsaya gefe a bar injin a kunne ya huce. Wajen gangarowa a kunna birkin salansa, wanda ke rage gudun mota da injin, a saurari canjin ƙarar injin. Motar da ba ta da shi, ko nata ya mutu, kada a sauko da ita daga Hada, hanyar dutsen Ɗa'ifa, da iyali a ciki, domin birkin ƙafa idan ya yi zafi sakin mota yake yi.